Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Kafin A Haramta Taba, A Duba Karan Da Ke Kan Tebur

Zuwa ga Mai Girma Farfesa Muhammad Ali Pate,
Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Abuja.



Ranka ya daɗe, duk shekara idan 31 ga watan Mayu ta zagayo, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da shan taba, sai gidajen rediyo su buɗe layin waya, masu kira su rabu biyu. Wasu su ce gwamnati ta tashi tsaye ta haramta taba sigari kwata-kwata, a rufe masana'anta, a kama mai saye da mai sayarwa. Wasu su ce baligi mai hankali ya san abin da yake yi, kuɗinsa ne, huhunsa ne, a ƙyale shi. A yi ta ja-in-ja har lokacin shiri ya ƙare, a ce sai baɗi. Na rubuto maka ne don in roƙe ka kada ofishinka ya faɗa cikin wannan gardama ta a haramta ko a bari, domin akwai aikin da ke gabanka wanda ya fi ta gaggawa, kuma doka ta riga ta damƙa maka shi a hannu.

Ba raina masu cewa a haramta nake yi ba. Hujjarsu tana da nauyi, kuma kai da ka yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ka fi ni saninta. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna a Ingila cewa akwai alaƙa tsakanin zuƙar taba da ciwon dajin huhu, a 1964 kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya rufe bakin masu musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan guda daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wani ne ya ci su. Nan ne maganar "huhuna ne" ke rushewa. Magidancin da ke kunna taba a ɗaki ɗaya cikin sanyin hunturu, an toshe taga da tsumma, matarsa na shayar da jariri a gefen gado, ba huhunsa kaɗai yake ƙonawa ba. Ga kuma tarin fuka, wanda Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a Afirka, taba kuwa tana share masa hanya, tana kuma sa jinyarsa ta yi wuya. Da yau ne wani kamfani zai zo wa hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da sabon kaya, ya ce wannan zai iya kashe rabin waɗanda suka dawwama a kansa, ai ko ƙofar ofis ba za a bar shi ya ƙetare ba.

Ta fuskar addini ma ba sabuwar magana ba ce. Tun farkon ƙarni na 17, lokacin da taba ta fara ratso hamada, malaman Maroko da na Tumbuktu suka yi ta rubuce-rubuce a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu yana cikin waɗanda suka ga halascinta, wasu suka haramta, kuma dukkansu sun yi fatawa ne a zamanin da babu wanda ya leƙa cikin huhun mashayi. Ɗarikar Tijjaniyya ta daɗe da hana mabiyanta taba, malaman yau da dama kuma, da suka ji bayanin likitoci, sun karkata ga haramci saboda cutarwa. To amma fatawa daban, dokar gwamnati daban. Fatawa tana magana da zuciyar mai imani, shi zai tsare kansa. Dokar gwamnati kuwa sai an sami mai tsare ta a tasha da kasuwa da bakin iyaka, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

An gwada haramcin, ba sau ɗaya ba. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya haramta taba a 1633, har kisa ake yi a kanta, mutane ba su daina ba, bayan rasuwarsa a 1640 ba a jima ba aka sassauta. A zamaninmu ƙasar Butan, ƴar ƙaramar masarauta a tsaunukan Himalaya, ta hana sayar da taba a 2004, ta ƙara tsaurara dokar a 2010. A 2011 aka yanke wa wani matashin malamin addinin Buda hukuncin ɗaurin shekara 3 saboda an kama shi da tabar taunawa da kuɗinta bai kai dala 3 ba. Jama'a suka yi ca, aka rage tsanani. Tabar ba ta daina shigowa daga Indiya ba, sai dai ta koma hannun masu fasa-ƙwauri, kuma da annobar korona ta zo gwamnati ta ga masu tsallaka iyaka a ɓoye za su shigo mata da cuta, sai ta ɗage haramcin a 2021. Wannan fa ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan guda ba, tsaunuka sun kewaye ta.

Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da mu. Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Agustan 2020 gwamnati ta hana sayar da taba da sunan kulle na korona. Masu bincike a Jami'ar Cape Town suka bi sawu, suka tarar kusan tara cikin goma na waɗanda ba su daina sha ba sun ci gaba da samun tabarsu. Farashi ya ninka, ribar ta tafi aljihun ƴan bayan fage, baitulmali ya yi asarar haraji, daga baya kotu ta ce haramcin ya saɓa wa tsarin mulki. Gaskiya ne wasu sun daina sha a watannin, ba za a ɓoye wannan ba. Amma kasuwar bayan fage da ta yi ƙiba a lokacin ba ta rame ba bayan an ɗage dokar.

Mu kuwa, ranka ya daɗe, ba sai mun je Himalaya neman darasi ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe iyakokin ƙasa, musamman saboda shinkafa. Duk wanda ke zaune tsakanin Illela da Jibiya da Maigatari ya san abin da ya biyo baya: babura cikin dare, hanyoyin daji, shingaye barkatai, kowane shinge da na goronsa. Buhun shinkafa mai kilo 50 bai gagari masu fasa-ƙwauri ba, ina ga kwalin sigari da za a cusa a aljihun ƴar shara? A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, kuma hanin ya dace, amma har yau hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na kama kwalabensa da ƙwayoyin tiramadol jibgi-jibgi. Sannan hanyar sigarin sumoga ta hamada tsohuwar hanya ce mai masu ita. Mokhtar Belmokhtar, ɗan ta'addan Aljeriya, ai da fasa-ƙwaurin sigari ya yi suna har ake masa laƙabi da Mista Marlboro. A halin da Arewa maso Yamma ke ciki, in aka haramta taba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wa ake tsammanin zai gaji kasuwar? Masu bindiga a daji ba sa rasa hanyar kuɗi, bai kamata mu ƙara musu wata da hannunmu ba.

Akwai sabuwar dabara da ake yayi, wato a hana wani zamani gaba ɗaya. New Zealand ta yi doka a 2022 cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 ba za a taɓa sayar masa da taba ba har abada, sai sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 tun ba ta fara aiki ba. Tsibiran Maldibs sun fara aiki da irinta a Nuwambar 2025. Dabarar ta burge ni, amma tana tsaye ne a kan katin shaida da takardar haihuwa, da mai kantin da zai ce "nuna mini". A garin da mai tebur ke miƙa wa ɗan shekara tara karan sigari ba tare da ya ɗaga kai ba, wa zai tsaya bambance haifaffen 2008 da na 2009?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Nijeriya ba dokar taba ta rasa ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke kan kujerar da kake kai yanzu, aka yi dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2005 muka rattaba hannu na ƙarshe kan yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita taba. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, aka yi shekara huɗu ana jan ƙafa kafin majalisa ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa yaro sayarwa. Ta hana talla da ɗaukar nauyin bukukuwa. Ta hana busa hayaƙi a makaranta da asibiti da motar haya, ta tanadi tarar naira dubu 50 ko ɗaurin wata 6. Sannan ta ce ba a sayar da sigari sai a kwali mai kara 20, rufaffe. Sayar da kara ɗai-ɗai laifi ne a ƙasar nan tun 2015.

Yanzu ina gayyatarka, Allah ya ja zamaninka, ka bar jiniya da ƴan rakiya, ka tsaya gaban teburin da ke bakin kowace tasha ko kusa da mai shayi bayan sallar Isha. Ga kwalbar alewa, ga cingam, ga biskit, ga ƙullin sukari da na omo, a tsakiyarsu kuma ga kwalayen sigari uku ko huɗu an fasa bakinsu, karare sun leƙo. An ɗaure laita da zare a ƙafar tebur don kada a tafi da ita. Ɗan acaɓa zai tsaya ko injin bai kashe ba, ya ce "ba ni kara biyu", ya kunna ɗaya, ya maƙala ɗaya a bayan kunne. Can sai ga yaro da kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu: "Wai in ji Yaya a ba shi kara ɗaya, canjin a ba ni alewa." Mai tebur ya zaro ya miƙa. Babu wanda ya ji an yi laifi a wurin, har ɗan sandan da ke shan shayi a benci na gaba. Yaron nan kuwa ya koyi sunan tabar, ya san kuɗinta, ya sansana ta a hanya, ya kuma gane cewa kayan manya ce da ake sayarwa a jere da alewa. Ran da zai sayi tasa, ba sai ya yi ƙarya mai yawa ba, zai ce aiko shi aka yi.

Karan nan guda shi ke warware duk saƙar da ma'aikatarka ke yi. Tun Yunin 2021 aka wajabta buga hotunan gargaɗi masu tayar da hankali a aƙalla rabin jikin kwali, kuma hikima ce babba, domin hoto na magana da wanda bai yi boko ba. Amma mai sayen kara ɗaya ba ya riƙe kwali, hoton na kallon mai tebur ne kawai. Haka haraji. An sa harajin naira 1 kan kowane kara a 2018, aka yi ta ƙarawa har ya kai naira 4 da kwabo 20 a 2022, ban da kaso na ƙimar kaya. In da kwali ake saye dole, ƙarin zai taru ya ciji aljihu, ɗalibi da ɗan tallan ruwa su ja da baya. Da yake kara-kara ake saye, sai ƙarin ya narke, ba mai jin zafinsa, balle yanzu da faɗuwar darajar naira ta cinye shi tun kafin ya isa kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin da mashayi ke biya, mu kuwa ko kusa ba mu je ba. Na san wannan hurumin Ma'aikatar Kuɗi ne, amma a majalisar zartarwa in Ministan Lafiya bai tayar da maganar ba, ban ga wanda zai tayar ba.

Sai dai ina jin tsoron abu guda, kuma dole in faɗa. A ƙasar nan idan aka ce a aiwatar da doka, kan talaka take fara sauka. Gobe in aka ba da sanarwar hana kara ɗai-ɗai, jibi za a ga jami'ai na kifar da tebura, suna kwashe jarin da bai taka kara ya karya ba, wanda ya ba da na goro a mayar masa da kayansa. Ba wannan nake roƙo ba. Mai tebur shi ne wutsiyar cinikin. Sama da shi akwai ɗan sari, akwai babban dila mai sito, akwai kamfanin da ya san sarai yadda ake sayar da kayansa, domin wakilansa na zagaya teburan nan. Ƙa'idojin 2019 sun tanadi lasisi ga masu ƙerawa da masu shigowa da masu rarrabawa. A nan ya kamata a riƙe wuya: dilan da aka samu yankinsa cike da fasassun kwalaye a gefen makarantu, lasisinsa ya shiga haɗari. Kuma an ga alamar cewa gwamnati na iya taɓa manya in ta so. A Disambar 2023 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta ci kamfanin British American Tobacco na Nijeriya tarar dala miliyan 110 kan saɓa dokoki, ciki har da dokar taba. Tun 2007 ma jihohin Kano da Gombe da Legas suka kai kamfanonin taba kotu suna neman kuɗin jinyar da suka kashe. Za a ce maka masana'antar British American Tobacco ta Ibadan da aka buɗe a 2003 na ba da aikin yi, manoman taba na ci daga gare ta. Haka ne, shi ya sa ban ce a rufe ta gobe ba. Amma aikin yi ba lasisin kamun yara ba ne.

Dokar 2015 ta kafa asusu na musamman don wannan yaƙi. Abin da aka ware masa a kasafin 2024 naira miliyan 10 ne. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na tarar da FCCPC ta ci ya ninka wannan fiye da sau ɗari a canjin shekarar. Da miliyan 10 ba za a yi ko sanarwar rediyo ta wata guda a jihohi 36 ba.

Na tuna maka abin da ka fi kowa sani. Lokacin da kake shugabantar Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko daga 2008, allurar shan-inna ta cije a Arewa, ana rufe wa ma'aikata ƙofa. Ba da ɗan sanda aka buɗe ƙofofin ba. Sarakuna aka shiga ta hannunsu, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, magana ta gangaro daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, limamai suka ɗauka a mumbari, har aka kai ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Maganar taba ta fi waccan sauƙi nesa, domin babu wanda zai ce maƙarƙashiyar Turawa ce, babu uban da ke son ɗansa ya zama mashayi, shi kansa mashayin in ya ga ɗansa da kara a baki sai ya kai masa mari. Ran da mai unguwa ya tara masu tebura ya ce daga yau ba a miƙa wa yaro taba ko wa ya aiko shi, liman ya maimaita ranar Juma'a, shugabannin tasha da na ƴan kasuwa suka sa ido, an gama rabin aikin. Yawancin mutane ba su ma san akwai dokar ba. Ban taɓa jin an karanta ta da Hausa a rediyo ba.

Kuma muna da abin karewa. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manya ne ke amfani da taba a Nijeriya, wajen mutum miliyan 4 da rabi, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai in aka gwada da ƙasashe da yawa. Kunya da tarbiyya sun yi mana aikin da doka ba ta yi ba: har yau saurayi ba ya kunna taba gaban mahaifinsa ko surukinsa. Kamfanonin da kasuwarsu ke tsukewa a Turai sun san yawan matasanmu, kuma shisha ta riga ta sami ƙofar da sigari ya kasa samu. Tana ƙamshin tuffa da na'ana'a, ana zuƙarta a gidajen shaƙatawa cikin kwalliya, ƴan mata da ba za su taɓa kusantar karan sigari ba suna ɗaukar hoto da ita, da yawa sun ɗauka ruwan da ke cikin tulun na tace dafin. Ba ya tacewa. Ruwanda da Kenya sun hana ta tun 2017. A nan ne nake ganin haramci kai tsaye zai iya ci, domin abu ne na fili, mai buƙatar wurin zama da kayan aiki, ba a cusa shi a aljihu.

Saura waɗanda suka riga suka kamu. Dattijon da ya shekara talatin yana sha ba taurin kai ne ke hana shi dainawa ba, sinadarin nikotin ne ya riƙe shi, kuma yawancinsu sun sha yin rantsuwar bari, musamman da azumi, su koma bayan salla. Haka tsohuwar da ke cusa taba gari da kanwa a leɓe tun tana amarya, wadda ba ta ma lissafa kanta cikin mashaya, alhali ciwon dajin baki bai san wannan bambancin ba. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cingam da filastan nikotin cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Mutum ya je asibitin sha-ka-tafi na ƙaramar hukumarsa ya ce yana son daina taba, abin da zai samu nasiha ce, in ya yi sa'a. Tunda gyaran asibitocin matakin farko na cikin manyan alkawuran da ka ɗauka, a horar da ma'aikatan su riƙa tambayar duk mai tari da mai hawan jini ko yana shan taba, a ajiye maganin a inda ake ba da na tarin fuka, a kuma buɗe layin waya kyauta da za a amsa da Hausa da Fulatanci da Kanuri.

Idan 31 ga Mayu mai zuwa ta zo, ina fatan maimakon jawabin da aka saba, ma'aikatarka ta fito ta faɗi dila nawa aka ba lasisi, nawa aka ƙwace wa, nawa aka saka a asusun, kuma a jihohi nawa aka zauna da sarakuna kan maganar kara ɗaya.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Zariya.